Ta Inda Bado Ke Numfashi

Na daɗe ina koyar da abin da ban taɓa gani da idona ba. A makarantar 'yan mata da nake aiki a Kontagora, duk shekara idan muka kawo darasin ganye, sai in ɗauki alli in zana ƙwayar wake biyu suna fuskantar juna, in bar 'yar kafa a tsakaninsu. In ce wa ɗalibai ga ƙofar da ganye ke shaƙar iska, ta nan kuma ruwan jikinsa ke fita. Su kwafa, su haddace, su zuba a jarrabawa. Haka aka koya mini, haka na koyar. Muna da madubin likita guda ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje, tsoho, cikin akwatin katako, irin wanda ba ruwansa da lantarki, hasken rana yake tarowa da wani ɗan madubi a ƙasansa. Nakan fito da shi in nuna wa yara sassansa, in faɗi sunan kowanne, in goge shi in mayar.

Sai aka turo mana sabuwar malama. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya kamar ana jiranta a wani wuri. Kirista ce daga wani ƙauye kusa da Dukku, iyayenta manoma, bai daɗe ba ta gama jami'a. Hausarta tana da daɗin ji, sai dai in ta ɗauki zafin magana Dukanci, yarensu, ya rinjayi harshenta, ta mai da namiji mace, ta yi dariya ta gyara. Na girme ta nesa ba kusa ba, don haka tun ranar farko Yaya take ce mini. Abin da na fara lura da shi jakarta ce. Ta sauran malamai cike da littattafan yara, tata kuwa cike da ganye. Ba ta wuce bishiya ba ta tsinka ba. Tana tafe tana juya ganye a hannu, tana ɗaga shi sama tana duba jijiyoyinsa a hasken rana.

Ba ta yi mako ba ta nemi makullin akwatin. Na ba ta, na kuma bi ta don in ga abin da za ta yi, domin ba mu da sinadaran da littafi ya ce ana amfani da su. Ta ciro wata 'yar kwalba daga jaka, man farce ne marar launi, fari kamar ruwa. Ta shafa kaɗan a bayan ganyen mangwaron da ke ƙofar ofis, ta ajiye ya bushe, ta manna salatif a kai ta ɓantaro. Wata 'yar fata mai sheƙi ta biyo salatif ɗin. Ta liƙa a ɗan gilashi, ta kai madubin bakin taga, ta yi ta murɗawa, sannan ta ja da baya ta ce in duba.

Da farko hazo kawai na gani. Ta kama hannuna ta ɗora a kan abin murɗawa, ta ce in juya a hankali. Kwatsam hazon ya washe. Ga su nan, ba ɗaya ba, ba goma ba, fili guda cike da ƙananan bakuna, kowanne da leɓɓansa biyu, wasu a ɗan buɗe, wasu a tsuke. Na ɗago na dubi ganyen da ke kan tebur, ganyen da awaki ke ci kullum a gabana, na sake sunkuyawa. Ban san lokacin da na fara salati ba. Aka kaɗa ƙararrawar shiga aji ban ji ba, sai da wata ɗaliba ta zo ta yi sallama a bakin ƙofa. Ranar na tabbatar gani ya kori ji.

Daga nan muka ƙulle. Kullum bayan an tashi sai mu zauna a bakin tagar nan, ita tana shafawa ni ina leƙawa. A nan ta gaya mini abin da ya sa take tara ganye. Aikin da ta yi na kammala karatu a kan waɗannan ƙofofi ne, kuma tambayar da ta hana ta sakat ita ce, yaya suke a jikin tsirrai masu fure na farko. Ni a lokacin ban taɓa tunanin akwai zamanin da duniya ba ta da fure ba. Ta ce akwai, kuma ya daɗe. Akwai itatuwa, akwai ciyayi irin nasu, amma babu fure, babu 'ya'yan itace irin namu. Masu fure sun bayyana ne fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce, sannu a hankali kuma suka mamaye ƙasa, har ya zama dawa da gero da wake da kaɗanya da kusan duk abin da muke ci daga cikinsu yake.

Na tambaye ta wa ya ga ganyen wancan zamani har ya san ƙofofinsa. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hotuna. Ta ce saman ganye akwai wata fata mai kama da kaki wadda ba ta ruɓewa da wuri. Idan ganye ya faɗa laka, lakar ta daskare ta zama dutse, wani lokaci fatar nan takan tsira, masu bincike su ɓamɓaro ta su duba, kamar yadda muke yi da man farce. Na riƙe wayar ina kallon bakin ganyen da ya bushe tun babu ɗan Adam a bayan ƙasa, ga leɓɓansa biyu sarai.

Abin da ya fi ba ta sha'awa ba leɓɓan ba ne, maƙwabtansu ne, wato ƙananan ɗakunan da ke kewaye da kowane baki. Ta ce a yawancin tsirran yau, kowane dangi yana da tsarinsa. Wasu maƙwabta biyu ne ke raka bakin, ɗaya dama ɗaya hagu. Wasu da yawa ne suka yi masa zobe. Wasu ba su da masu rakiya na musamman. Amma a tsofaffin ganyayen nan na cikin dutse, sai ka tarar da tsari iri-iri a ganye guda, kamar magini da bai tsai da shawarar yadda zai yi tagogin gidansa ba. Ta ƙara da cewa masu fure sun zo sun ƙanƙanta ƙofofinsu sun yawaita su, sun kuma cika ganye da jijiyoyin ruwa, kuma masana da yawa suna ganin wannan na cikin abin da ya ba su saurin girma har suka tsere wa sauran. Takan ce suna gani ne, ba a gama yarda ba, kuma rashin gama yardar ne ke mata daɗi.

Wata rana muna cin gyaɗa ta ce da ni ai akwai dangin da suka rabu da sauran masu fure tun da sassafen tarihinsu, kuma zuriyarsu na nan da rai a ƙasarmu. Na ce wane ne. Ta ce bado. Na yi dariya har na ƙware. Badon tafki, wanda muke tsinkar furensa muna yara muna saƙa sarƙa da karansa. Ta ce shi fa, gwandar daji ma gidansu tsohon gida ne, ko da yake bai kai na bado ba. Ta ce a jami'a ta karanta bado sosai amma ba ta samu ta duba na gida ba. Nan take na ce to mu nemo shi.

Man farcenta ya ƙare, ni na ɗauki nauyin sayowa. Mai shagon kayan kwalliya a kasuwa ya san ni, ya san lalle nake sa wa, don haka da na ce ya ba ni kwalba uku ya dube ni ya dubi hijabina, ya tambaya ko biki gare mu. Na ce na ganye ne. Ya ƙunsa mini. A gida ma maigidana, wanda tela ne, ya ga kwalaben a kan madubi ya tambaya yaya zan yi da alwala. Da na yi masa bayani ya ce shi dai ya ga ranar da mangwaro zai fita kwalliya.

Kududdufan cikin gari da muka leƙa duk shara ta cinye su. Abokiyar tawa ta tuna tana da goggo da ke aure a wani ƙauyen Kambari bayan Ibeto, kuma akwai babban tafki a bayan gidajensu. Muka sa ranar Asabar. Ƙarshen damina ne, dawa ta fitar da kai, hanya kore shar hagu da dama. Muka shiga mota da sassafe zuwa Ibeto, daga nan muka hau babur biyu, ni da bokiti a cinya, ita da jakarta. Hanyar ƙauyen ruwa ya zaizaye ta, wani wurin sai mun sauka mun taka, mai babur ya tura. Ina tafe ina jin kaina kamar yarinyar da za a kai kallon wasa.

Goggon tata gajeruwar tsohuwa ce mai ƙarfi, Hausarta a gutsure amma ba ta jin nauyin yin ta. Ta rungume 'yar ɗan'uwanta, ta riƙe hannuna da hannu biyu, ta ce baƙon 'yarta nata ne. Da aka gaya mata abin da ya kawo mu sai ta ɗauka magani za mu haɗa, ta tambaya wa ke ciwo. Muka ce ba kowa, ganyen kawai za mu duba. Ta ce tun daga Kontagora. Muka ce tun daga can. Ta kira maƙwabtanta ta faɗa musu da Kambarci, ban ji abin da ta ce ba, amma dariyar da suka yi ba ta buƙatar tafinta. Duk da haka suka ɗaura zannuwa suka raka mu.

Ban taɓa ganin bado da yawa haka ba. Tafkin ya rufe ruf, ganye kan ganye kamar an shimfiɗa faifai, fararen furanni sun fara tsukewa saboda hantsi ya ɗaga. Ƙudan zuma na shiga suna fita. Na tsaya a baki ina cewa a raina, ashe ku tsofaffin gida ne. Abokiyata ba ta tsaya wani tunani ba, ta tuɓe takalmi ta faɗa. Ni na ce zan tsaya in riƙe bokiti. Goggo ta ce wanda ya zo daga nesa ba ya tsayawa a baki, ta kama hannuna ta ja ni. Laka ta haɗiye ƙafata har ƙwauri, ruwan ya kawo mini cinya, sanyi ya ratsa ni, na riƙe tsohuwar nan gam ina dariya ina addu'a lokaci guda. Na miƙa hannu na kamo ganye. Samansa santsi, ruwa na gangarewa a kai ba ya jiƙa shi, ƙasansa kuwa ja-ja ne mai jijiyoyi manya. Karansa ya yi ta biyo ni kamar igiya ba ya ƙarewa.

Da muka fito na ga wani baƙin abu manne a idon sawuna. Matsattsaku ne. Kafin in buɗe baki goggo ta sa farce ta ture shi, ta murza wani ganye ta danna a wurin, ta ce ya gaishe ni ne. Muka cika bokiti da ruwan tafkin, muka jera ganyayen a ciki da karansu. A hanyar komawa gidan goggo abokiyata ta tsinko ganyen gwandar daji a gefen gona, ta kuma leƙa bakin wata tsohuwar rijiya ta ciro wata ciyawa mai ganye kamar gashin tsuntsu. Ta ce wannan ba ta fure sam, danginta sun riga masu fure zuwa duniya, za ta yi mana amfani wajen kwatance.

Goggo ta share mini wuri a ɗakinta ta kawo ruwa na yi azahar, sannan ta ajiye mana tuwon dawa da miyar kuɓewa ɗanya. Muna ci tana ba mu labarin shekarar da ruwa ya yi ƙaranci tana sabuwar amarya, yadda mata suka riƙa tono tushen bado suna dafawa, suna shanya 'ya'yansa suna daka. Ta ce in mun duba mun ga abin da muke nema, a aiko mata ta sani. Mun iso Kontagora da la'asar sakaliya, rabin ruwan bokitin a jikin zanena.

Shugabar makaranta ta riga ta ba ni izinin tafiya da madubin gida don kada ganyen ya lalace kafin Litinin. Abokiyata ta ce gobe Lahadi tana coci har azahar, tana cikin mawaƙa, in fara ni kaɗai tunda hannuna ya faɗa. Na ga ta ɗan yi murmushi da ta faɗi haka, amma ban kawo komai a raina ba.

Washegari ina gama abin kari na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na kafa madubin a kan kujerar tsuguno inda rana ke faɗowa. Na ciro ganyen bado, na goge bayansa ya bushe, na shafa man farce kamar yadda muka saba yi wa kowane ganye. Na jira, na ɓantaro, na leƙa. Babu komai. Ga dai ɗakunan fatar nan jere, ga wasu 'yan ɗigo-ɗigo da ban san su ba, amma baki mai leɓe biyu ko ɗaya. Na ce wataƙila man bai bushe ba. Na sake da wani ganyen, na sake da wani wurin, kusa da kara, kusa da gefe. Shiru. Na gwada ganyen gwandar daji don in ga ko madubin ne ya lalace a hanya, sai ga bakuna reras, kowanne da maƙwabta biyu sun sa shi tsakiya. Wato madubi lafiya lau, hannuna ma lafiya lau.

Maigidana yana rumfa yana yanka wani yadi, yana satar kallona. Ya ce ƙila ganyen ya mutu ne a hanya. Na ce ko ya mutu ai bakinsa ba zai gudu ba. Raina ya fara ɓaci. Na tuna lakar jiya da matsattsaku da dariyar matan ƙauye, na ce ashe wahalar banza muka sha. Na tashi in zubar da ruwan bokitin in huta.

Na sunkuya zan ɗauka ke nan sai idona ya faɗa kan ganye ɗaya da ya rage, yana kwance a saman ruwa yadda yake kwanciya a tafki. Na tsaya da hannuna a kan mariƙin bokitin. Bayansa a cikin ruwa yake, manne, ba wurin da iska za ta shiga. Duk ganyen da na taɓa dubawa a iska yake rataye, shi ya sa yake ɓoye bakunansa a ƙasa inda rana ba ta duka. Wannan kuwa in ya sa baki a ƙasa ai ruwa zai sha. Na ciro shi, na goge samansa, na shafa man. Jiran bushewar nan ya fi mini tafiyar jiya tsawo, ina ta fifita shi da murfin kwano.

Da na leƙa, wallahi sai da na zauna daɓas a tabarma. Sun cika wurin maƙil, ƙanana, kusa da kusa, duk suna kallon sama. Maƙwabtansu ba su bi tsari ɗaya ba, wannan baki ɗakuna kaɗan ne suka kewaye shi, na gefensa sun fi yawa, ba wasu biyu da aka keɓe su raka shi kamar na gwandar daji. Na kira maigidana. Ya ajiye almakashi ya zo ya durƙusa, ya rufe ido ɗaya kamar mai zura zare a allura. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago ya ce kamar ramukan maɓalli, kuma duk wanda ya yi wannan aikin bai yi gaggawa ba. Na ce ya tashi ya kai ni coci. Ya dube ni. Na ce bakin ƙofa kawai, ba zan iya jira ba.

Haka muka hau babur, ni da hijabi, ɗan gilashin a naɗe cikin hankici. Muka tsaya a inuwar wata darbejiya daura da ƙofar cocin, ana ta waƙa da ganga a ciki. Masu sayar da rake a wurin suna ta kallonmu. Da aka tashi ta fito cikin doguwar rigar mawaƙa, ta hango ni, ta taho da sauri ta ɗauka wani abu ne ya faru a gida.

Na ce, "A sama suke. Bado a sama yake numfashi."

Ta tsaya, sai ta fashe da dariya har ta dafa bishiyar. Ta ce, "Yaya, sau nawa kika shafa a ƙasa?"

"Wato kin sani."

"Na sani a littafi. Ban taɓa gani ba."

"Kika bar ni ina ta wahala tun safe, har na kusa zubar da ganyen."

Ta ce, "Da na gaya miki, da kin ƙara haddace abu ɗaya ne. Yanzu kuwa naki ne, ba mai ƙwace miki."

Na so in yi fushi ban iya ba. Ta cire rigar mawaƙan ta ba wata ta riƙe mata, ta tari babur ta biyo mu gida. Ta leƙa madubin nan, ta daɗe tana motsa gilashin a hankali daga gefe zuwa gefe. Ta ce 'yan ɗigon da na gani a ƙasan ganyen ma ba banza ba ne, ta wurinsu ake jin yana hulɗa da ruwan da yake kwance a kai. Muka duba ciyawar bakin rijiya, nata bakunan manya ne, jefi-jefi. Na fita bayan gida na yago ganyen dawar da ta tsiro a jikin katanga. Nata leɓɓan ba wake ba ne, siffar taɓarya gare su, kauri a kai da kai, siriri a tsakiya, kuma a jere suke layi-layi kamar kunya a gona. Ranar ba a ɗora tukunyar rana a gidana da wuri ba, maigidana ya fita ya sayo mana ƙosai da biredi.

A wannan zaman ne muka yi gardamarmu ta farko. Na jera gilasan huɗu, na ciyawar rijiya, na bado, na gwandar daji, na dawa, na ce ga tsani nan, daga na baya zuwa wanda ya fi ci gaba. Ta ce ba tsani ba ne. Ta ce badon da muka tsinko jiya ba shi ne kakan dawa ba, bai kuma tsaya cak tun wancan zamani yana jiranmu ba. Shi ma ya yi tasa tafiyar, ya koma ruwa ya sake gini daidai da zaman ruwa, ƙila ma mai da baki sama daga baya ya koya. Abin da kawai za a ce, gidansu ya rabu da sauran da wuri, don haka idan aka haɗa shi da sauran tsofaffin gidaje da abin da ke cikin dutse, ana iya hasashen yadda na farkon suke. Na ce amma ai dawa ta fi shi dabara. Ta ce in kai dawa tsakiyar tafki in ga dabararta. Ban yarda nan take ba, mun kwashe makonni muna komawa kan maganar, kuma har yau in na jera gilasai sai na kama kaina ina so in yi tsani.

Ranar da muka kai wa ɗalibai ganyen badon, ajin ya zama kasuwa. Madubi ɗaya, yara sun fi ƙarfinsa, suka yi layi har waje, wadda ta gani ta koma baya ta sake shiga layi. Ban gaya musu inda bakin bado yake ba, na ba su ganyen da man na koma gefe, na kuwa ji daɗin da abokiyata ta ji. Wata yarinya mai yawan shiru ta ɗaga hannu ta tambaya, idan tsirrai sun yi ta canzawa haka, ina ikon Allah. Sauran yaran suna dubana suna duban abokiyata, sun san ba addininmu ɗaya ba. Na ce mata ni dai abin da na gani a madubin nan bai rage mini imani ba, kuma sanin yadda aka yi abu bai hana a san akwai mai yi. Abokiyata ta ce ita ma haka take ji in tana waƙa ranar Lahadi. Yarinyar ta gyaɗa kai, ta koma layi.

Mun aika wa goggo saƙo ta bakin wani mai kai kaya Ibeto cewa mun gani, a saman ganye yake. Amsar da ta dawo ita ce, to madalla, kuma in mun sake zuwa mu taho mata da gishiri.

Shekara biyu muka yi tare kafin ta samu gurbin ƙarin karatu a kudu. Na yi mata murna, na kuma yi kwana da kwanaki ba na son shiga ɗakin gwaje-gwaje. A makonta na ƙarshe ta ce akwai abu ɗaya da ba mu yi ba. Duk abin da muke dubawa sawu ne a jikin man farce, ba mu taɓa ganin bakin da ransa ba. Ta sa aka kawo mana ɗanyen ganyen wake daga lambun makaranta da safe. Ta karya shi a hankali ta saɓule wata fata siririya daga bayansa, ta shimfiɗa a gilashi cikin ɗigon ruwa. Da ƙyar muka samu wadda ba ta yage ba. Na leƙa, ga leɓɓan nan kore, a kumbure, bakin a buɗe. Ta jiƙa gishiri a murfin kwalba, ta ɗiga a gefen gilashin, ta ce kada in ɗaga ido.

Ban ga motsi ba, irin motsin da ido ke kamawa. Amma ina kallo kafar na raguwa, leɓɓan na saki, har suka haɗu suka rufe. Na ce mata ya rufe. Ta ture ni ta leƙa, ta ce a ɗauraye da ruwa mai kyau mu ga ko zai sake buɗewa. Muka ɗauraye, muka matsar da madubin inda rana ta fi ƙarfi, muka ja kujeru muka zauna, muna karɓa-karɓa. Muna da aji a lokacin, mu duka biyu, sai muka aika aka kira yaran suka zo suka jira tare da mu.